Daji da Mai Shi: Daga Pan na Girkawa zuwa Inna ta Hausawa

Laccar da aka gabatar a unguwar Bilbalogo, Wagadugu

  

Shekaranjiya bayan la'asar wani dattijo, abokin mahaifina, ya riƙe mini hannu a ƙofar masallaci ya ce, "Kai ɗan nan, na ji an ce laccar gunki za ka yi mana. Karatun da aka tura ka ke nan?" Na ce, "Baba, ka zo ka ji. In na kauce, ka ja mini kunne a gaban jama'a." Ga shi can zaune, ya ɗora haɓa a kan sanda, yana jirana. To Baba, ba tallar gunki na zo yi ba. Allah ɗaya ne, ba shi da abokin tarayya, wannan kuwa ba abin muhawara ba ne a rumfar nan. Tambaya ce na zo da ita. Me ya sa mutanen da ba su taɓa ganin juna ba, wasu a duwatsun Turai, wasu a gindin Dutsen Dala, wasu a nan ƙasar Mosi, duk suka tashi da magana guda, wai daji da mai shi?

Akwai wata kalma ta Faransanci da kowa ya sani a garin nan, ko bai taka ƙofar lakwal ba. Waɗanda suka ga ranar da babbar kasuwa, Rood Woko, ta kama da wuta a 2003, za su tuna yadda mutum ya riƙa gudu bai san inda ya nufa ba, mai shago ya bar kuɗi ya rungumi kujera. Da aka natsu, me aka ce? An yi panik. To a cikin kalmar nan akwai sunan wani. Sunansa Pan, ko da yake bakin Bahaushe Fan zai ce. Shi ne wanda Girkawan dā suka ɗauka mai daji. (In na ce Girka, ƙasar nake nufi, wadda littattafan Larabci ke kira Yunan, ba girkar 'yan bori ba. Amma ku riƙe wannan ta biyun, za mu dawo kanta.)

Asalinsa daga Arkadiya ne, wata ƙasar tuddai da kwazazzabai a kudancin Girka, inda noma ba ya kai mutum ko'ina sai kiwon awaki. Mutanen birni kallon 'yan ƙauye suke yi wa Arkadiyawa, har suna yi musu kirari da masu cin 'ya'yan itace. Siffar da suka ba shi kuwa, daga kugu zuwa sama mutum ne mai gemu da ƙahoni, daga kugu zuwa ƙasa bunsuru, har da kofato. A tatsuniyarsu, ranar da aka haife shi wadda za ta shayar da shi ta dube shi sau ɗaya ta ruga. Ubansa, wanda suke kira Hamis, ya naɗe shi a fatar zomo ya kai shi fadar sauran gumaka, suka yi ta dariya. Amma bai zauna a fadar ba. Sauran an gina musu manyan ɗakuna da ginshiƙan farin dutse. Shi galibi kogo ne wurinsa, ko gindin itace, ko bakin maɓuɓɓuga. Makiyayi zai ajiye masa madara ko zuma ko ɗan akuya, maharbi ya rataya masa fata.

Kuma ba wani girmamawa suke yi masa ta a-zo-a-gani ba. Wani mawaƙinsu, Tiyokiritus, ya ba da labarin cewa in farauta ba ta yi kyau ba, samarin Arkadiya sukan zane gunkinsa da wata albasar daji, 'yar uwar wadda muke kira albasar kura. Ku ji fa. Abin bauta ana yi masa bulala don bai kawo nama ba! Wannan zama ne irin na maƙwabci mai wuyar hali: ana tsoronsa, ana tsokanarsa, ba a rabuwa da shi.

Abu biyu aka fi saninsa da su. Na farko sarewa. Wai ya biyo wata budurwar aljana mai suna Sirinkis, ta gudu har bakin kogi, ta roƙi a ɓatar da ita, ta zama karan fadama. Da ya kai hannu sai kara ya damƙo. Ya yanka su, wani ya fi wani tsawo, ya manne su da kakin zuma, ya riƙa busa. Na biyun shi ne barcin tsakar rana. Makiyayan Girka ba sa busa sarewa in rana ta take, domin lokacin ne Pan ke hutawa bayan farauta, wanda ya tashe shi kuwa ya taro wa kansa. Zai kwarara ihu daga inda ba a ganinsa, garke ya watse, mutum ya ji hantarsa ta kaɗa ba tare da ya ga komai ba. Wannan firgita ta ba gaira ba dalili ita suka kira tsoron Pan. Daga nan kalmarku ta fito.

Na ga iyayenmu mata suna gyaɗa kai. Ai dole, don wannan ba baƙon zance ba ne a kunnenku.

Ina ɗan shekara goma aka kai ni hutu wajen kakata, a wani ƙauye kudu da Maradi. Aka haɗa ni da 'ya'yan kawuna mu kai awaki kiwo. Akwai wata tsamiya a bakin fadama, inuwarta kamar ɗakin soro, ƙasanta tas babu ko kashin akuya. Rana ta yi tsaka, ƙasa na ƙona tafin ƙafa, na nufi inuwar nan ina fito abina, ɗan birni. Babban cikinmu ya fizgo rigata har ta yage. Bai yi mini tsawa ba, raɗa ya yi: "Ba a fito nan. Masu wurin suna ƙailula." Muka zauna a 'yar inuwar sabara muna gumi, tsamiya na can ba kowa. Da yamma kakata ta ji labari, ba ta ce uffan ba, sai ta ɗebo garwashi a kasko ta zuba wani turare ta lulluɓe ni da zane. Matar nan kuwa ba ta taɓa barin sallar walha ta wuce ta ba. Shekara ashirin bayan haka, ina ɗakin karatu ina duba waƙar makiyayan Girka da ba sa busa da tsakar rana, sai na ji warin turaren nan a hancina.

Mu a wajenmu ba mutum ɗaya ba ne mai dajin, al'umma ce guda. Iskoki. Maguzawan Kano da Katsina da Arnan Gobir da Arewa sun kasa su gida biyu: na gari da na dawa, farfaru da babbaƙu. Na gari ana iya shiri da su. Na dawa sai lallashi. Akwai Kure, namijin kura. Akwai Gajimari, wanda aka ce shi ne bakan gizo, yana kwana a rijiya ko a suri, in ya miƙe sai ya shanye hadari. Akwai Sarkin Rafi mai fadama. Sannan akwai uwarsu, wadda ba a son kama sunanta, sai a ce Doguwa, ko Bafilatana, ko kuma kawai Inna. Ku lura da wannan ladabi. Abin da ake tsoro shi ake kira uwa, kamar yadda ake ce wa maciji igiyar ƙasa in dare ya yi. 'Yan bori sun ce duk suna da birni nasu, Jangare, da sarki da fadawa da malamai har da kutare, wato garin Hausa ne aka juya aka kai bayan gari. Mai son ya bi diddigi, Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan Kano ya fitar da littafi a kansu a 1946, kafin shi kuma Tremearne ya rubuta nasa kan bori a 1914.

Maƙwabtanmu Mosawa, waɗanda kakanninmu suka sauka a ƙasarsu da jakunan kanwa suna neman hanyar goro ta Gwanja, su ma suna da nasu. Kinkirsi suke ce musu, 'yan gajerun halittu na daji da duwatsu, kuma da sunan nan suke kiran tagwaye. Duk wanda ya girma a Wagadugu an taɓa hana shi wani wuri saboda kinkirsi.

Har hawa ma Girkawa sun sani. In mace ta faɗi tana kakkafewa, kumfa na fita a bakinta, tsofaffinsu sukan ce Pan ne ya kama ta, suna da kalma ta musamman a kan haka. Mu sai mu ce iska ta buge ta, a kira masu garaya, a yi girka, ta zama goɗiya, in ya sauka ta yi atishawa. Kun ga girka da Girka sun haɗu, ko da yake a baki kawai. Kada wani ɗalibi ya fita nan ya rubuta cewa daga Girka bori ya zo. Babu wannan. Abin da ya haɗa su, makiyayi ne shi kaɗai a wurin da ba mai jin kiransa, rana na dukan kansa, shiru ya yi yawa har ya fara jin motsin jininsa.

Yanzu ga inda labarin ya fi daɗi, yadda ɗan daji ya shiga birni. A shekara ta 490 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, rundunar Farisa ta sauka a Maraton, kusa da Atina. Mutanen Atina suka tashi wani ɗan aike mai gudu, Fidifides, ya tafi Isbarta neman gudummawa, tafiyar kusan kilomita 240, ya isa washegari. Isbartawa suka ce sai wata ya cika za su fito. Herodotus, marubucin tarihinsu, ya ce da ɗan aiken ya dawo sai ya ba da labari cewa a kan dutsen Fartaniyon, sama da garin Tegeya, Pan ya kira shi da sunansa, ya ce ya tambayi mutanen Atina me ya sa ba su kula da shi, alhali ya sha yi musu rana kuma zai ƙara. Ni dai na ce, mutumin da ya yi gudun kwana da wuni a cikin duwatsu, ba abin da ba zai ji ba. Amma Atinawa sun yi nasara, suka ba Pan kogo a gindin dutsen da ke tsakiyar birninsu, da yanka duk shekara da tseren jiniya. Kogon yana nan har gobe. Ko a birnin ma, kun gani, ba su ba shi ɗaki ba. Rami suka nema masa a jikin dutse.

An kuma ba da labarin wata runduna ta Galawa da ta kai hari Delfi a shekara ta 279 kafin Annabi Isa. Cikin dare wasunsu suka ji kamar sukuwar dawaki, suka zabura suka ɗauki makamai, suka far wa juna, har mutum ba ya gane harshen ɗan'uwansa. Girkawa suka ce aikin Pan ne.

A Kano abin juyawa ya yi, birni ne ya je ya sami daji. Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara ya buga a 1908, ya fara ne da Barbushe, daga zuriyar Dala, mai tsaron gunkin Tsumburbura. Wurin bautar itaciya ce da aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai shi. In lokaci ya yi, jama'a su taru a gindin dutse da baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru (ga bunsurun nan ya sake leƙowa), ya shiga ya fito ya faɗa musu abin da shekara za ta zo da shi. Kusa da nan akwai kurmi mai duhu da baƙin ruwa, Jakara, ba a sare ko reshe a cikinsa. Sai sarakuna suka zo. Bisa lissafin Palmer, Sarki Tsamiya, 1307 zuwa 1343, shi ya fasa katangar. Zamanin Yaji, 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka iso daga Mali da Musulunci. Zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, aka kafa kasuwa a wurin kurmin. Sunanta har yau Kasuwar Kurmi. Ka shige ta daga wannan baki zuwa wancan, za ka sami sirdi da linzami da tasoshi da turare, kurmi ne kawai ba za ka samu ba. Jakara kuwa ta zama magudanar ruwan ƙazanta.

Girkawa suna da labarin mutuwar Pan, kuma shi kaɗai ne cikin manyan gumakansu aka yi shelar rasuwarsa irin haka. Wani marubucinsu, Fulutak, ya rubuta cewa a zamanin Kaisar Tibariyus, wanda ya yi mulki daga shekara ta 14 zuwa ta 37, wani jirgin ruwa da ya nufi Italiya iska ta ɗauke masa kusa da tsibirin Faksi. Sai aka ji murya daga tudu tana kiran matuƙin, wani Bamisire mai suna Tamus. Sau biyu ya yi shiru, a na uku ya amsa. Muryar ta ce in ya kai wuri kaza ya sanar cewa Pan babba ya mutu. Da ya kai ya faɗa, sai gaɓar teku ta ɗauki kuka, ba a ga masu yin sa ba. Malaman Kirista na baya suka ce ai ranar nan ce aka kori shaiɗanu. Masana da dama ma na ganin ƙaho da kofaton da masu zanen Turai suka riƙa yi wa Iblis, na Pan ne suka ara.

Sai dai fiye da shekara ɗari bayan wannan shela, wani matafiyi, Fausaniyas, ya zaga Girka ya tarar ana nan ana kai masa hadaya a kogunansa. A gindin dutsen Harmon, inda ɗaya daga maɓuɓɓugan kogin Urdun ke fitowa, akwai wurin da ake kira Baniyas. Paniyas ne, garin Pan, bakin Balarabe ya mai da shi haka kamar yadda namu ya ce Fan.

Mu ma an sha yi wa Inna shelar mutuwa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da almajiransa sun yi wa'azi mai zafi a kan yanka ga itace da duwatsu, aka yi jihadi a 1804, bori ya koma lungu. Amma ku kunna rediyo ranar da ma'aikatan lafiya za su fita gida gida da 'yar kwalbar ɗigo. Me mai shela ke cewa? A fito da yara rigakafin shan inna. Likita na faɗa, liman na faɗa a kan mumbari, ba wanda ya tsaya ya ce wace Innar. Ita ce dai, Doguwa, wadda aka ce in ta yi fushi sai ta shanye ƙafar yaro. A 2020 aka tabbatar an kawar da ƙwayar cutar ta asali daga nahiyar Afirka, ƙwayar cuta ce kuwa, ba aljana ba. Sunan dai ya ƙi tafiya. Bafaranshe na yawo da Pan a bakinsa, Bahaushe na yawo da Inna. In kuka zagi yaro kuka ce ɗan iska, ku ma kun san inda kuka samo ta.

To Baba, ga inda za ka saurara da kyau. Malamanmu na tafsiri, in sun zo aya ta 6 ta Suratul Jinni, sukan ba da labarin Larabawan jahiliyya: matafiyi in dare ya riske shi a kwari, sai ya ɗaga murya ya nemi tsarin shugaban aljanun kwarin. Alƙur'ani ya nuna wannan bai ƙara musu komai ba sai wahala da ɓata. Hukunci ya fito, ba mu da ja. Neman tsari wurin Allah ne kaɗai. Amma addinin da ya hana neman tsarin mai kwari bai ce kwari ya zama na kowa da gatarinsa ba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya haramta sare itacen Madina, ya kuma keɓe makiyaya a Naƙi'u. Mu rabi muka ɗauka. Mun ce ba kowa a tsamiya, gaskiya ne, ba wanda ya cancanci yanka a can. Daga nan sai muka zarce muka ce to tsamiyar ma ba ta kowa ba ce. Tsoron nan na kakanninmu kuskure ne a aƙida, amma yana wani aiki: shi ne kuɗin da gatari ke biya kafin ya shiga kurmi. Da aka ɗauke shi ba a ajiye komai a gurbinsa ba. Na koma ƙauyen kakata bayan shekaru, tsamiyar nan ta zama gawayi, fadamar ta zama rairayi. Wanda ya sare ta ba azzalumi ba ne, mai iyali ne, buhun gawayi kuma kuɗi ne a Maradi.

Gwamnati ta gwada maye gurbin da doka. Manyan cikinku sun tuna 1985, lokacin da Thomas Sankara ya shelanta yaƙi uku: da ƙona daji, da sakin dabbobi barkatai, da saran itace ba ƙa'ida. Dokar ta yi tasiri gwargwado. Amma ma'aikacin gandun daji yana tashi aiki ya koma gida, ana kuma iya ganinsa a gefe. Inna ba ta tashi aiki.

Abin da ya fi ci mini rai, daji ya sake samun masu shi a zamaninmu, ba irin waɗanda ake lallashi da nono da farar kaza ba. Tun 2015 ƙasar nan take cikin fitinar 'yan bindiga. Akwai waɗanda ke zaune a rumfar nan da suka baro gidajensu a arewa da gabas da abin da kai zai iya ɗauka. 'Yan uwanmu na Katsina in ka ambaci Dajin Rugu sai su yi shiru. Ba zan ce don an daina tsoron iskoki ne ba, wannan wauta ce, kuma cin fuska ne ga waɗanda aka kashe wa 'ya'ya. Abin da na lura da shi kawai, wurin da mutanen gari suka daina sani itace da itace, suka daina kiran kowane kwari da sunansa, wani ne zai zo ya san shi.

A cikin garin nan saura guntu ɗaya. Bangr-Weogo, can wajen baraji, fiye da hekta 200. Kafin zuwan Nasara kurmin sarakunan Mosi ne, wurin tsafi da mafaka, ba mai taɓa shi. Faransawa suka killace shi a shekarun 1930 suka laƙaba masa sunan wani lambu na Faris. A 2001 aka mayar wa hukumar birni, aka raɗa masa sunan da yake da shi yanzu, wato dajin ilimi da harshen More. Zangonmu na dā, Zanguwetin, da gidajensa da masallatansa da itatuwan ƙofar gida, buldoza ta share shi a 2003 cikin 'yan watanni. Kurmin tsafin kuwa yana nan tsaye.

Makon jiya, da nake shirya wannan magana, na ce bari in je da tsakar rana in gani. Na sayi tikiti, na bar inda yara ke lilo, na bi wata 'yar siririyar hanya har ƙarar babura ta ɗauke. Ba iska, ba kukan tsuntsu. Ina tafe ina tsara yadda zan yi muku bayanin cewa duk abin nan zafin rana ne da kaɗaici, sai busassun ganye suka yi wata irin hargowa dab da ƙafata. Ban san lokacin da a'uziyya ta fito daga bakina ba, ban san lokacin da takalmina ɗaya ya rabu da ni ba. Guza ne, ƙato, ya haye wani kututture ya tsaya yana kallona. Wani saurayi mai gadi da ke zaune a gindin marke ya ɗauko mini takalmin yana danne dariya, ya ce mini da Faransanci, tonton, kada ka yi panik.

Ranka ya daɗe Sarkin Zango, a nan zan dakata, na ga ladan yana duban agogo. Baba, ga kunnen.